Makalar Mako: Shekara Talatin Ana Neman Igiyar Ɗaure Hoto da Bayaninsa

Makalar wannan mako tarihi ce, tarihin wani ɗan abu da yawancinmu ba ma waiwayarsa duk da kusan kullum muna sakin rubutu a waya. Idan ka saka hoto ko taswira ko jadawali a cikin littafinka, me makaho zai ji sa'ad da karatu ya kawo shi wurin?

Makafi da masu raunin gani suna karatu a waya da kwamfuta ta hanyar manhajar da ke karanto musu abin da ke kan allo da murya. Akwai TalkBack a wayoyin Android, akwai VoiceOver a na Apple, sai JAWS da NVDA a kwamfuta. Manhajar tana bin rubutu layi bayan layi, amma da ta iso kan hoto sai ta rasa abin faɗa. In marubuci bai ajiye mata bayani ba, ko dai ta ce "hoto" ta wuce, ko ta karanto sunan fayil ɗin, wato tarin lambobi marasa kan gado. Idan hoton fure ne da aka saka don ado, babu asara. Idan kuwa taswira ce da dukan babin ya dogara a kanta, to an bar mai karatu a bakin ƙofa.

Bayani na jimla ɗaya bai taɓa zama abin gardama sosai ba. Abin da masana suka shafe kusan shekara talatin suna ja-in-ja a kansa shi ne dogon bayani: ina za a ajiye shi, kuma da wace igiya za a ɗaure shi da hoton har mai karatu ya je ya dawo bai ɓata ba?

Zamanin faifai da kaset

Matsalar ta girmi intanet. An fara ɗaukar littattafai a faifan garmaho domin makafi a Amurka a 1934, Birtaniya ta biyo baya a 1935. Daga baya kaset ya maye gurbin faifai. Duk mai karatun da ya zauna gaban makirufo, in ya buɗe shafi ya tarar da zane, dole ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya tsallake, ko ya tsaya ya siffanta. In ya tsallake ya tauye mai sauraro. In ya siffanta zane mai sassa ashirin, ya yanke zaren bayani na tsawon mintuna, kuma mai sauraron da ba ya buƙatar siffantawar ba shi da hanyar wucewa sai ya riƙa tura kaset gaba da ka. Duk wanda ya taɓa sauraron karatun littafin Hausa a gidan rediyo ya san irin wannan tsaka mai wuya, domin abin da ido ke ɗauka a kallo ɗaya, kunne sai an jero masa shi ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda suka fara warware wannan ƙulli su ne ɗakunan karatu na makafi. A ƙasar Suwidin aka soma gwajin littafin sauti na kwamfuta wanda za a iya tsallakawa daga babi zuwa babi ko daga shafi zuwa shafi, aka kira tsarin DAISY. A 1996 ɗakunan karatu na ƙasashe daban-daban suka kafa gamayya mai wannan suna. A sigar DAISY ta uku, wadda ta zama ƙa'ida a Amurka a 2002 aka kuma sabunta ta a 2005, an tanadi wani gurbi na musamman, bayanin mai tsara littafi. Ana ɗaure shi da hoton da yake magana a kai, kuma mai karatu na iya kunna shi ko ya kashe. Dabarar ta yi kyau, sai dai tana da iyaka. Littafin DAISY kwafi ne na daban da wata cibiya ke sake haɗawa bayan littafin asali ya fita kasuwa, wani lokaci bayan watanni. Wanda ke rubuta bayanin hoton ma ba shi ne marubucin littafin ba, hasashe yake yi a kan abin da marubucin ya nufa.

Hoto ya shigo intanet

A farkon zamanin shafukan intanet rubutu ne zalla, abin da ya yi wa makafi daɗi ƙwarai. A Fabrairun 1993 wani matashi, Marc Andreessen, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina manhajar shiga intanet ta Mosaic, ya kawo shawarar yadda za a riƙa cusa hoto a tsakiyar rubutu. Shawarar tasa ba ta zo da wurin ajiye bayanin hoton ba. Sai a siga ta biyu ta HTML, harshen da ake gina shafuka da shi, wadda ta fito a 1995, aka tabbatar da gurbin gajeren bayani mai suna alt. An yi shi ne har da la'akari da manhajojin da ba sa nuna hoto sam, irin su Lynx, da mutanen da ke kashe hotuna saboda layinsu ba shi da sauri. Makafi suka fi kowa cin moriyarsa.

Amma gurbin alt ɗan tsukuku ne. Jimla ɗaya ko biyu yake ɗauka, ba a iya yin sakin layi a cikinsa, balle jeri ko jadawali. Ka ɗauki taswirar Hausa Bakwai a littafin tarihi. Gajeren bayani zai ce taswira ce da ke nuna ƙasashen Hausa Bakwai, shi ke nan. Ɗalibin da za a yi wa jarrabawa kuwa yana buƙatar ya san cewa Daura na arewa da Kano, Katsina na arewa maso yamma da ita, Rano na kudu kusa da ita, Zazzau na can kudu maso yamma, Biram na gabas wajen Haɗeja, Gobir kuma ta fi kowa nisa ta arewa maso yamma. Wannan bayani yana son fili.

A Disambar 1997 gamayyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da HTML siga ta huɗu. Ta wajabta saka alt a kowane hoto, ta kuma ƙara sabon gurbi mai suna longdesc. A cikinsa ba bayanin ake rubutawa ba, adireshin wani shafi ake sakawa inda cikakken bayanin yake. A takarda abin ya tsaru: mai gani ba zai ga komai da zai ɓata masa tsarin shafi ba, makaho kuma manhajarsa za ta shaida masa cewa hoton nan yana da ƙarin bayani.

Sai dai manyan manhajojin shiga intanet na lokacin ba su yi wani abin kirki da gurbin ba. Saboda haka wata cibiya ta tashar WGBH da ke Boston ta yaɗa wata dabara ta wucin gadi: a saka harafin D ƙarami kusa da hoton, wanda duk ya latsa shi zai kai shi shafin bayanin. Lokacin da W3C ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, wato WCAG, a Mayun 1999, ta shawarci mutane su haɗa biyun, longdesc da harafin D, har zuwa ranar da manhajoji za su waye. Masu zanen shafuka da yawa ba su so harafin ba, suna ganin yana ɓata ado. Ku riƙe wannan harafi a ranku, za mu sake gamuwa da shi a ƙarshen labarin.

Rikicin longdesc

Shekara goma bayan haka aka zo sabunta HTML zuwa siga ta biyar. Editan aikin, Ian Hickson, wanda ke aiki a Google, ya binciki hotuna biliyan ɗaya a shafukan intanet, Mark Pilgrim kuma ya wallafa sakamakon a Satumbar 2007. Hotuna kimanin miliyan 1.3 ne kawai ke da longdesc, wato kashi 0.13 cikin ɗari. A cikin waɗannan ma, kusan kashi 96 cikin ɗari shirme ne: wasu an bar gurbin fayau, wasu an rubuta abin da ba adireshi ba, wasu adireshin yana mayar da mutum kan hoton kansa.

Dalilin wannan lalacewa shi ne zuciyar tarihin nan. Gurbin a ɓoye yake. Mai shafi ba ya ganinsa, edita ba ya ganinsa, mai karatu mai gani ba ya ganinsa. In adireshin ya mutu babu wanda zai lura sai makaho, shi kuma sau da yawa ba shi da hanyar kai ƙorafi. Kuskuren da ke fili, mutum ɗari za su gani su yi magana kafin la'asar. Na ɓoye yana iya shekara biyar ba a taɓa shi ba.

Masu tsara HTML ta biyar suka cire longdesc. Masu fafutukar haƙƙin makafi suka ce ba su yarda ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Suka ce laifin na manhajojin da suka ƙi nuna gurbin ne, kuma akwai jami'o'i da hukumomi da masu buga littattafan karatu da ke amfani da shi daidai. Suka ƙara da cewa ba a rushe abu sai an tanadi wanda ya fi shi. Aka yi shekaru ana wannan taƙaddama a cikin W3C. HTML ta biyar ta zama ƙa'ida a Oktoban 2014 ba tare da longdesc a jikinta ba, amma a Fabrairun 2015 W3C ta amince da shi a wata takarda ta daban, duk da adawar da kamfanin Apple ya yi a hukumance. Nasarar ta zo a makare. Opera da Firefox sun ba shi hanya, Safari da Chrome ba su rungume shi ba. A 2019 W3C ta amince cewa sigar HTML da ƙungiyar WHATWG ke kula da ita ce za a riƙa bi, a can kuwa longdesc yana cikin jerin abubuwan da aka daina amfani da su.

Yadda rikicin ya faɗo kan littafi

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa rikicin shafukan intanet da littafi? Littafin EPUB, wanda shi ne tsarin da mafi yawan kasuwannin littafin lantarki ke karɓa, shafukan HTML ne aka tattara aka ƙulle a fayil ɗaya. A Oktoban 2011 ƙungiyar IDPF ta fitar da EPUB siga ta uku, kuma mutanen DAISY sun taka babbar rawa a ginin. George Kerscher, wanda shi kansa makaho ne, ya riƙe shugabancin IDPF yana kuma babban sakataren DAISY. Burinsu shi ne a daina yi wa makafi kwafi na daban, a haifi littafi ɗaya tun daga wurin mawallafi wanda kowa zai iya karantawa a rana ɗaya da farashi ɗaya. Amma EPUB ta uku a kan HTML ta biyar aka gina ta, ita kuwa ta riga ta yar da longdesc. Ga littattafan kimiyya da lissafi da labarin ƙasa cike da zane, ga babu igiya.

Aka shiga gwaje-gwaje da wasu alamomi da ake kira ARIA, waɗanda aikinsu shi ne yi wa manhajar makafi ƙarin haske kan abin da ke shafi. Na farko shi ne aria-describedby, mai nuna wa manhaja cewa rubutu kaza da ke wannan shafi shi ne bayanin hoto kaza. Matsalarsa ita ce manhajar tana kwaso rubutun ta karanto shi a dunƙule, numfashi ɗaya. In jadawali ne mai layi goma da ginshiƙi huɗu, sai ya koma zuba lambobi arba'in a kunne ba tare da sanin wanne ke ƙarƙashin wanne ba. Na biyu shi ne aria-describedat, wanda kusan longdesc ne aka sake wa riga. Har an ba shi izini a EPUB ta 2014, amma bai samu karɓuwa wurin masu manhajoji ba, aka janye shi.

A gefe guda kuma ana ta aiki kan yadda ake rubuta bayanin kansa. A 2010 aka kafa cibiyar DIAGRAM a Amurka, ƙarƙashin ƙungiyar Benetech da tallafin ma'aikatar ilimi ta ƙasar, tare da cibiyar nan ta WGBH. Jagororin da suka fito daga wannan aiki sun tsaya kan abubuwa masu sauƙi: a fara da taƙaitaccen abin da hoton ke nufi kafin a shiga daki-daki, a duba mahallin da hoton ya zo a ciki, kada a maimaita abin da rubutu ya riga ya faɗa, kuma in zane na alƙaluma ne a mayar da shi jadawali na gaske wanda mai karatu zai iya yawo a cikinsa.

A Disambar 2017 aka amince da ARIA siga ta 1.1, ta zo da aria-details. Wannan alamar tana shaida wa manhaja cewa hoton yana da cikakken bayani a wuri kaza cikin shafin, mai karatu ya je da kansa ya bi shi a tsanake, da jerinsa da jadawalinsa yadda suke. Ƙa'idar ta kuma nemi bayanin ya kasance inda kowa zai iya gani. Darasin longdesc ke nan aka rubuta cikin doka.

Inda aka tsaya yau

Shawarar da masana littafin lantarki ke bayarwa yanzu ta kasu uku. Ta farko, a saka bayanin a cikin rubutun littafin, kusa da hoton. Ta biyu, a saka shi a wani akwati mai naɗewa a ƙarƙashin hoton, wanda ke buɗewa in an latsa, ko da yake wasu manhajojin karatu masu yanka littafi shafi-shafi suna rikicewa da shi. Ta uku, a saka mahaɗi a fili kusa da hoton, rubutu ko 'yar alama, wanda zai kai mutum wani shafi na daban, a can kuma a saka wani mahaɗin da zai dawo da shi daidai kan hoton da ya baro. Wannan na dawowa ba abin wasa ba ne. Mai gani yana iya jan allo ya gano inda ya tsaya da kallo ɗaya, makaho kuwa in aka jefa shi ƙarshen littafi mai shafi 400 ba tare da hanyar komawa ba, sai ya sake lalube daga jerin babuka.

Ku duba hanya ta uku da kyau. Harafin D ɗin nan ne na shekarun 1990 ya dawo, wanda aka raina saboda yana fili. Zamansa a fili shi ne ya cece shi. Edita na iya latsawa ya ga ko yana aiki. Ɗalibi mai gani wanda zanen ya rikita shi, ko wanda wayarsa ƙarama ce har rubutun cikin taswira ba ya karantuwa, shi ma zai amfana.

Doka ta biyo baya. IDPF ta narke cikin W3C a farkon 2017, a shekarar da aka fitar da ƙa'idar farko ta sauƙaƙa EPUB ga masu buƙata ta musamman. A Mayun 2023 W3C ta amince da EPUB 3.3 tare da siga ta 1.1 ta waccan ƙa'ida, wadda ta kuma bukaci littafi ya bayyana a bayanansa irin tanadin da ya yi, har da ko hotunansa na da gajeren bayani ko dogo, domin mai saye ya sani kafin ya biya. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2019 wadda ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, kuma littattafan lantarki na cikin abubuwan da ta tilasta a sauƙaƙa.

Mu ma ba a bar mu a waje ba. Yarjejeniyar Marakash ta ƙasar Maroko, wadda aka ƙulla a Yunin 2013 ta fara aiki a Satumbar 2016, ta halatta a mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su iya karantawa ba tare da jiran izinin mai haƙƙin mallaka ba. Najeriya ta tabbatar da ita a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 kuma ta shigar da wannan tanadi. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na abin da ake wallafawa ne ke isa ga makafi, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya fi haka muni. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tana nan tun 1953, wato an shekara fiye da saba'in ana yaye makafi masu karatu a Arewa. Masu karatun suna nan, abin karantawar ne ya yi ƙaranci.

Abin da ya rage gare mu

Mu da ke sakin labari a WhatsApp da Telegram da Facebook, babbar matsalarmu ta ma fi ta taswira. Sau da yawa shafin gaba ɗaya muke ɗauka a hoto mu tura, ko mu haɗa PDF da hotunan shafuka, don gudun masu satar fasaha. Tsoron sata gaskiya ne, amma ga manhajar makaho irin wannan littafi hoto ne tun daga bango har bango. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin tsamo rubutu daga hoto ko su yi hasashen abin da ke ciki, Facebook ma ya fara saka bayanin hoto na kai-tsaye tun 2016, sai dai na'ura tana faɗin abin da ta gani ne, ba ta san dalilin da ya sa ka saka hoton ba. Kai kaɗai ka san cewa a bishiyar zuri'ar da ka zana a farkon littafinka, abin da kake so mai karatu ya lura da shi shi ne jarumar da mijinta kakansu ɗaya.

Saboda haka ga abin da ya sawwaƙa. Ka saki rubutu a matsayin rubutu. Kowane hoto mai ma'ana ka ba shi gajeren bayani. Microsoft Word yana da gurbin yin haka, Facebook ma yana da shi. In hoton mai sassa ne, taswira ko jadawali ko bishiyar zuri'a, ka rubuta cikakken bayaninsa a ƙarƙashinsa inda kowa zai gani. In ya yi tsawo ka kai shi shafi na daban, ka saka hanyar zuwa da ta dawowa, sannan ka latsa su da hannunka ka tabbatar. Masu shirin fitar da EPUB, DAISY na da manhajoji biyu na kyauta, WordToEPUB mai juya fayil da Ace mai duba kurakurai. Kafin ka saki littafin kuma, ka kunna TalkBack a wayarka, ka kifa allon, ka saurari babi ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun kana rubutu ya kamata ka rubuta bayanin, lokacin da dalilin saka hoton ke sabo a kanka.

Idan akwai mai lalurar gani a wannan zaure, ko wanda ke da ɗan uwa mai karatu da irin waɗannan manhajoji, muna roƙon ya faɗa mana yadda rubuce-rubucenmu ke isa gare shi da inda muke ba shi wahala. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani kowa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.